Amfilifayar jita mai cin bawul: yadda muka kamo ɓarawon

Cikin hunturu aka kawo mini wata amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa jita ƙarfin murya, a naɗe cikin bargo, ƙurar hanya ta shiga kowane lungu nata. Mai ita saurayi ne ɗan Agadas, makaɗin jita a bukukuwan aure, ya biyo motar kaya ta Damagaram har Kano. Da muka gaisa ya kwance bargon, sai ga tsohuwar amfilifaya ƙirar Amurka ta wajen farkon shekarun 1970, mai ƙarfin wat 40, lasifika biyu a jikinta. Irin mai bawul ce, wato kwalaben gilashin nan da ke cikin rediyon kakanninmu kafin taransisto ya kore su. Wani baƙo ne ya bar masa ita kyauta, kuma ita ce jarinsa.

Na ce masa ya faɗa mini abin da take yi, kada ya faɗa mini abin da yake zato. Ya ce, "Baba, in na kunna ta, kwata guda tana kuka kamar sabuwa. Daga nan sai murya ta fara shaƙewa, gurnani ya taso, in ji ƙauri, sai ta ɗauke ɗif." Fiyus ne ke ƙonewa. Ya kai ta wurin wani mai gyara a can, aka ce bawul ne suka tsufa. Ya tara kuɗi aka yi masa odar sababbi guda biyu daga waje, aka sa, ta yi biki ɗaya ta koma gidan jiya. Da fiyus na uku ya ƙone a tsakiyar wasa, wani a cikin yaransa ya naɗe mataccen da takardar azurfa ta kwalin sigari ya mayar. Wannan karon ba ta ɗauke ba, hayaƙi ta yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a duk labarin shi ne kwata gudan nan. Na'urar da ta lalace tun daga kunnawa matsalarta daban. Wadda sai ta ɗau zafi take ɓata, akwai abin da zafi ke sauya wa hali a cikinta. Waɗannan amfilifayoyi kuwa akwatin ƙarfen da ke ɗauke da wayoyinsu a sama yake, bawul suna rataye kai ƙasa, don haka duk zafin da suke fitarwa tashi yake ya shige cikin kayan da ke bisansu. Shekara hamsin ana gasa su haka.

Kafin in taɓa komai sai da na zubar da wutar da ke kwance a ciki. Ina so mai karatu ya tsaya nan da kyau. Manyan kwandansan, wato kayan da ke tara wuta suna tace ta a irin wannan na'ura, suna riƙe fiye da bolt 400, kuma suna iya riƙe shi bayan an zare waya daga bango. Wannan wuta tana kisa. Ina da waya mai baki biyu da na haɗa da rezista, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, a tsakiya, in maƙala baki ɗaya a jikin ƙarfe, ɗayan a kan kwandansa, in sa mita ina kallo har ta sauka ƙasa da bolt 10. Maigidana da ya koya mini aikin rediyo ba ya barin yaro ya sa hannu biyu cikin na'ura mai wuta. Hannu ɗaya ke aiki, ɗayan yana aljihu, don kada wuta ta ratsa ƙirji daga hannu zuwa hannu. Har yau haka nake yi, haka kuma yaron shagona ke yi. Wanda bai koyi wannan a gaban gwani ba, kada ya buɗe bayan amfilifaya mai bawul, ko da fiyus kawai yake ganin matsalar.

Da na ciro akwatin ƙarfen na kifa shi a kan benci, hanci ya riga ido. A gindin gurbin bawul na hagu akwai rezista mai om 470 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wuta) da ta ƙone ta tsage, ta yi baƙi ƙirin kamar gawayi. Ta dama lafiyarta lau. Wannan shi ne hayaƙin da ya gani. Hankalina ya koma kan taransifomar da ke miƙa sauti ga lasifika, domin ita ce mai tsada, ita ce kuma takardar sigari ta jefa cikin haɗari. Fiyus ɗin da aka rubuta a bayan na'urar na amfa 2 ne, irin mai jinkirin ƙonewa, aikinsa ya mutu domin taransifoma ta rayu. Na auna naɗin wayarta daga tsakiya zuwa kowane gefe, na samu om 45 da om 49. Wannan ɗan bambanci ba laifi ba ne, naɗin da ke waje ya fi na ciki tsawon waya. Na yi hamdala. Saurayin ya ga fuskata ya ce, "Baba, da rai?" Na ce da rai.

Don a fahimci abin da ya biyo baya, sai na ɗan buɗe cikin bawul. Manyan biyun da ke ba lasifika ƙarfi su ne 6L6GC, zuriyar wani bawul da kamfanin RCA ya fitar a 1936. A tsakiyarsa akwai zare da ake ba bolt 6.3 ya yi zafi, ya ɗumama wani bututu da ake kira katod, wuta ta riƙa tashi daga gare shi tana tafiya zuwa farantin ƙarfe da ke kewaye. Tsakanin su akwai raga ta siririyar waya. Ita ce linzami. Ana ba ta wuta ta ƙasa da sifili, kamar bolt 50 a irin wannan na'ura, domin ta riƙe gudun wutar da ke wucewa. Masu gyara suna kiran wannan bayas. In linzamin ya yi sako-sako, doki ya ƙwace: wuta ta kwarara, faranti ya ɗau zafin da ya fi ƙarfinsa. Farantin 6L6GC an yi shi ya jure wat 30, bai wuce nan ba. Ƙafafunsa takwas ne a lissafi, amma waɗanda mai gyara ke bibiya su ne ta 3 ta faranti, ta 4 ta wata raga ta biyu da ke tsakanin linzami da faranti, inda rezistar nan ta ƙone, ta 5 ta linzami, da ta 8 ta katod.

Na canza rezistar da ta ƙone, na sa fiyus na gaskiya. Ban haɗa ta da wuta kai tsaye ba. Ina da ƙwan fitila mai zare na wat 100 da nake jerawa a kan layin wuta kafin na'ura, in akwai gajeriyar hanya a ciki, wato inda wuta ke zarcewa babu abin da ya tare ta, sai ƙwan ya haska sosai ya shanye wutar, babu abin da zai ƙone. Irin wannan ƙwan ya fara wuya a kasuwa tunda masu tsimin wuta suka cika gari, kuma su ba sa wannan aiki, don haka nake ɓoye nawa kamar zinariya. Na tabbatar lasifika a haɗe take, domin amfilifaya mai bawul in aka tura mata sauti babu lasifika, wutar kan koma ta fasa rufin wayar taransifoma. Na kunna. Ƙwan ya yi haske ya dushe, alamar babu gajeriyar hanya. Sai na cire shi na ba ta cikakkiyar wuta, na sa yaro ya ja ƙofar shago muka zauna cikin duhu.

A duhu bawul yana faɗin gaskiya. Ɗan jan hasken da ke tsakiya na zare ne, dole a gan shi. Shuɗin haske da kan bayyana a jikin gilashi daga ciki shi ma ba ya tayar mini da hankali. Abin tsoro shi ne farantin kansa, wanda ya kamata ya zauna da launin toka. Minti goma babu komai. Wajen minti na goma sha bakwai sai wani tabo ya fito a tsakiyar farantin bawul na hagu, ja mai duhu kamar garwashin da aka hura, yana faɗaɗa a hankali, gurnani kuma ya fara tasowa a lasifika. Saurayin ya dafa kafaɗata ya ce, "Shi ne, wallahi shi ne." Na kashe nan take.

Yanzu tambaya ɗaya ce: bawul ɗin ne mai ciwo, ko gurbin da yake zaune? Da suka huce na musanya musu wuri, na hagu ya koma dama, na dama ya koma hagu. Muka sake zama. Jan tabon ya sake fitowa a hagu, a jikin bawul ɗin da ɗazu yake lafiya a dama. Ciwon bai bi bawul ba, ya tsaya a gurbi. Wannan gwaji bai ci ko sisi ba, kuma da an yi shi tun farko da kuɗin odar nan suna aljihun mai su. An bar jaki ana ta dukan taiki. Ba na zargin wanda ya fara dubawa da mugunta, yawancin masu gyara na yanzu a kan taransisto suka tashi, kuma bawul shi ne abin da ido ke gani yana ja, sai a ɗauka shi ne mai laifi.

Sanin cewa gefe ɗaya ne kawai ya rage mini hanya. Wutar linzamin bawul biyun daga tushe ɗaya take fitowa. Da tushen ne ya lalace, da duka biyun za su yi ja. Saura abin da ke tsakanin tushen da ƙafa ta 5 ta hagu: bakin gurbin da ke kama ƙafar, wata ƙaramar rezista mai om 1,500 da ke manne a gurbin, rezista mai om 220,000 da ke kawo wutar linzamin, sai kwandansa mai kawo sauti daga ƙaramin bawul 12AT7 da ke gabansu. Bakin gurbin ya ɗan saki, na matse shi da tsinke bayan na sake zubar da wuta. Rezistocin biyu na auna su, suna kan adadinsu.

Na zare manyan bawul biyun, na kunna, na ɗora mita a ƙafa ta 5. Dama bolt 51 ƙasa da sifili. Hagu ma 51. Na jira rabin awa, 51. Na jira har aka kira la'asar, ba ta motsa ba. Na tafi masallaci ina tunanin ko matse bakin gurbin nan ya warkar da ita, har na fara shirin mayar da bawul in sallami yaron. A hanyar dawowa abin ya faɗo mini. Ai na cire murhun. Manyan bawul ɗin su ne ke gasa akwatin, ga shi kuma akwatin a kife yake a benci, iskar hunturu na kaɗa shi. Ɓarawon da ke fitowa cikin zafi ba zai fito cikin sanyi ba.

Na aiki yaro shagon aski na kusa ya aro na'urar busar da gashi. Mita na kan ƙafa ta 5 ta hagu, na karkata iska mai zafi kan kwandansar hagu ita kaɗai. Ba a yi minti ɗaya ba lamba ta fara tafiya: 48, 44, 37, har 31. Na janye zafin, ta fara komawa a hankali. Na yi wa ta dama haka, ko gezau. Na maimaita sau uku domin saurayin ya gani da idonsa, kuma duk sau ukun haka ta yi.

Ga abin da ke faruwa. Wannan kwandansa mai gadi ce a ƙofa. Gefenta ɗaya yana manne da farantin 12AT7, inda akwai fiye da bolt 200 sama da sifili. Ɗaya gefen yana kan linzamin 6L6GC, inda ake son 51 ƙasa da sifili. Aikinta ta bar sauti ya wuce ta tare tsayayyar wuta. Da tsufa da zafi da danshin damina, rufin da ke cikinta ya fara yoyo. Yoyon ba shi da yawa ko kaɗan. Bolt 20 da ya ɓace a kan rezista mai om 220,000 yana nufin yoyon bai kai kashi ɗaya cikin goma na miliyamfa ɗaya ba, ita kuwa miliyamfa kashi ɗaya ce cikin dubu na amfa. Amma ya isa ya sassauta linzami. Linzami ya saki, bawul ya ƙara zafi, zafin ya tashi ya ƙara gasa kwandansar, yoyo ya ƙaru, linzami ya ƙara saki. Haka suke tura juna har fiyus ya yanke musu hukunci, ko kuma, in an naɗe shi da takardar sigari, har wani abu ya kama wuta. Mitar da ke auna ƙimar kwandansa da ɗan batirinta ba za ta nuna wannan ba, domin yoyon sai ƙarƙashin babbar wuta da zafi yake bayyana. Don in rufe ƙofar shakka, na zubar da wuta, na warware ƙafarta ta ɓangaren linzami na bar ta a iska, na kunna na auna. Lafiyayya za ta ɗan yi tsalle ta koma sifili. Wannan da ta ji zafi sai ta tsaya a sama da sifili ta ƙi sauka.

Na canza ta, na canza 'yar'uwarta ta dama ma, domin sa'o'in juna ne kuma wuta ɗaya suka sha. Na sa masu ƙima ɗaya da na asali, masu jure bolt 630.

Sai maganar bawul. Wanda ya daɗe a hagu cikin sababbin ya riga ya jigata. Na sa rezista mai om 1 a ƙafa ta 8 ta kowane gurbi, domin duk milibolt da mita ta nuna a kanta miliyamfa ɗaya ke nan. Ɗaya yana jan miliyamfa 39, jigataccen yana jan 22. Ba za su yi tafiya tare ba. Na tambaye shi ina tsofaffin da aka cire. Sai ya zura hannu cikin jakarsa ya fito da su a naɗe cikin ƙyallen rawani, ya ce zuciyarsa ba ta yarda ya yar da su ba. Ɗaya rubutun jikinsa ya ƙone ya koma ruwan ƙasa, shi ne ya zauna a hagu. Ɗayan kuwa, wanda aka yanke wa hukuncin tsufa, na sa shi ya ja 34. Tsoho mai rai da sabo mai rai, 34 da 39. Ba tagwaye ba ne, amma za su riƙe shi har ya samu biyu da aka auna tare. Yau ƙasashen da ake ƙera irin waɗannan bawul ba su da yawa, akwai Rasha da Sulobakiya da Sin, don haka duk wanda ke da mai rai a hannu ya riƙe shi da kyau. Na daidaita linzamin yadda a kan bolt 440 kowanne ke cin wat 15 zuwa 17, ɗan sama da rabin abin da zai iya jurewa. Wasu na son a matsa shi ya fi haka zafi saboda daɗin murya. Ni ban yi ba, don na'urar da za ta yi wasa a Agadas a watan Afrilu ba ta bukatar ƙarin zafi daga gare ni.

Tsugune ba ta ƙare ba. Jan tabo ya tafi, amma akwai wani gurnani siriri da ke nan ko an rufe murya gaba ɗaya. A nan kunnen makaɗi ya yi mini aiki. Wutar Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Gurnanin da ke zuwa daga wayar zare ko rashin waya ta ƙasa yana kan 50 ɗin. Wanda ke zuwa daga kwandansan tace wuta da suka gaji yana kan ninkinsa, 100. Na ce ya nemo mini muryar gurnanin a jitarsa. Ya lalubo, ya tsaya a gaɓa ta uku ta tsirkiya mafi kauri, ya ce, "Ga ta nan, Baba." Wannan murya tana kaɗawa sau 98 a daƙiƙa. Na buɗe murfin da ke rufe manyan kwandansan, biyu sun kumbura a baki, wani farin gari ya fito musu kamar kanwa. Na canza su duka, har da ƙaramar da ke tace wutar linzami, wadda ita ake juya ƙafafunta saɓanin sauran saboda wutarta ta ƙasa da sifili ce. Gurnani ya kwanta.

Sauran ƙananan abubuwa ban daɗe a kansu ba. Na bi kayan ciki ina ƙwanƙwasawa da busasshen tsinken itace, wata rezista mai om 100,000 a kan ƙaramin bawul 12AX7 na farko ta yi ƙaras-ƙaras, na canza ta. Ramukan da ake soka wayar jita da maɓallan murya ƙura ta cika su, na wanke da ruwan wanke maɓalli.

Abin da ban yarda in wuce ba shi ne wata magana da ya yi a kaikaice, cewa makirfo kan cije shi a leɓe in yana riƙe da jita. Wayar wutar na'urar mai baki biyu ce, ba ta da na ƙasa, kuma akwai wata tsohuwar kwandansa da ake haɗawa daga layin wuta zuwa jikin ƙarfe a na'urorin wancan zamani don rage gurnani. In ta yi yoyo, jikin ƙarfen ya ɗau wuta, tsirkiyar jita kuma a haɗe take da jikin ƙarfen. Na yanke ta na cire, na sa waya mai baki uku, na ɗaure ta ƙasan a jikin ƙarfe da noti nata na kanta. Na faɗa masa baki na ukun ba shi da amfani in ba a haɗa shi da komai ba, don haka janareton da suke wasa da shi a kafa masa ƙarfe a ƙasa, a zuba ruwa a gindinsa in ƙasar ta bushe.

Na kuma auna taransifomar rage wuta da yake amfani da ita, tunda na'urar ta wutar Amurka ce mai bolt 120 da ke juyawa sau 60. A wutarmu mai juyi 50 taransifomar cikinta tana ɗan fin ɗaukar zafi ko da komai daidai yake. Da na gwada da ƙaramin janareton shago, wutar da ke isa gare ta ta haura 130, zaren bawul yana shan kusan bolt 7 maimakon 6.3. Na ce ya nemi sitabilaiza mai ramin bolt 110, ya sa ƙaramar mita a gabansa, ya kuma daina jingina bayan amfilifayar da bango.

Washegari muka mayar da ita cikin akwatinta, bawul kai ƙasa yadda za ta yi aiki a gaske, muka rufe ƙofa. Ya yi wasa tun hantsi har azahar, maƙwabta suka taru a bakin shago. Duk rabin awa ina dubawa: ƙafa ta 5 ba ta gusa ba a kowane gefe, faranti launin toka. Na zuba masa fiyus biyar na amfa 2 a kwalin ashana, tare da tsohuwar kwandansar don ya nuna wa mai gyaran garinsu. Sannan na rubuta a takarda adadin wutar faranti, da ta linzami, da abin da kowane bawul ke ja, da jerin kayan da na canza, na manna ta a cikin akwatin daga gefen hagu, inda duk wanda ya buɗe bayan zai fara gani.